Alewar da Tarsem Ya Ci

Tarsem Masih bai taɓa fita daga gundumarmu ba sai da furfura ta fara fito masa. Da aka tashi fitar da shi ma, ba don ya ga duniya aka yi ba, bayansa ake bukata. Duk ƙauyenmu na Kot Jaimal an san bayan Tarsem. Yakan saɓa buhun alkama ya hau tsani da shi yana hira da na ƙasa. Sardar Hazura Singh, wanda Tarsem ke yi wa aikin gona tun yana saurayi kamar yadda ubansa ya yi wa uban Hazura, yana alfahari da wannan baya a gaban baƙi daidai da yadda yake alfahari da sabuwar taraktarsa. Bambancin kawai, tarakta an yi mata rumfa.

Mu Kiristocin ƙauyen a bayan gari muke, gefen kududdufin da ɓauna ke kwanciya. Kakanninmu masu shara ne da kwasar mushe. Turawan mishan suka zo suka yi musu baftisma, suka ba su sababbin sunaye, suka tabbatar musu cewa a gaban Allah babu babba babu ƙarami, sannan suka koma ƙasarsu ba su sanar da sauran mutanen gari ba. Shi ya sa a wurin mai shayi kofinmu daban yake, rataye a ƙusa daga waje. In ka sha ka wanke da kanka ka mayar.

Ni malamin makarantar mishan ne a lokacin, ni kuma nake ba da waƙa a coci, saboda haka daga inda nake zama ina ganin fuskar kowa. Tarsem bai iya karatu ba, bai kuma iya waƙa ba, amma ba a taɓa riga shi zuwa ba. Lahadin farko na kowane wata, ranar Jibin Ubangiji, ba ya karyawa. Ya yi wanka a bakin famfon gona, ya sa farar rigarsa guda ɗaya, ya durƙusa a layin gaba. Kofi ɗaya ne na azurfa, Turawa suka bar mana. Fasto Barnabas, wanda ya yi karatu a birni yana kuma sa takalmi sau ciki, shi ke fara sha, sai ya miƙa wa Tarsem, Tarsem ya sa baki daidai inda Fasto ya sa. A duk duniya nan ne kaɗai ake yi masa haka. In ya kurɓa yakan rufe ido ya daɗe, har na bayansa ya zungure shi.

Tafiyar ta samo asali ne daga Bebe Nihalo, mahaifiyar Hazura. Mabiyar addinin Sikh ce, kuma a ƙa'ida ba ruwan Sikh da gumaka, amma Bebe ba ta raina duk wani mai iko ko na wane ne. Lokacin da jikanta ya yi ciwo ta yi alkawari, in ya tashi za ta hau dutse ta gaida allahiyar Hindu da ke can sama, a hanyar dawowa kuma ta biya babban wurin ibadar Sikh da ke Amritsar, kada wani ɓangare ya ji haushi. Yaron ya tashi. Gwiwoyinta ne suka ƙi tashi. Masu ɗaukar mutane a kujera suna nan a gindin dutsen, amma ta ce ba ta yarda da su ba, mashaya ne. Hazura ya ce to ga Tarsem.

Sai da aka yi shawara a gidan, domin Bebe ba ta taɓa bari ko inuwar Tarsem ta faɗa kan tukunyarta ba. Aka samu mafita: za a ninka bargo mai kauri a sa tsakanin ƙirjinta da bayansa.

Hazura ya kira shi ya ce, “In an tambaye ka a can, sunanka Tarsem. Tarsem kawai. Wutsiyar nan ta Masih, ta Kiristoci, ka rataye ta a gida, in mun dawo ka ɗauka.”

“To, Sardar ji,” ya amsa, da ‘ji’ ɗin da muke ƙara wa manya don girmamawa.

“Kuma ka yi wanka da sabulu.”

“A ina zan samu, Sardar ji?”

Aka ba shi guntun na wankin tarakta.

Matarsa Sosan tana kwashe kashin shanu a gidan Hazura tun aurensu, ta san gidajen manya ciki da bai. Tana ɗaure masa gurasa a tsumma ta ce, “Baban Rozi, ka ji ni da kyau. Duk abin da suka miƙo maka ka karɓa, ka ci, ka goge baki, ka dawo. Ba sai ka ba kowa labari ba.”

“Me zan gani har in ba da labari? Matakala zan gani.”

Matakalar ya gani da farko. Bebe tana bayansa tana taunar ƙwayoyin ƙamshi, tana dukan haƙarƙarinsa da diddige in ya rage sauri. “Haka ubanka yake, sai an zungure shi,” in ji ta. Amma da suka yi nisa, masu ziyara suka fara tsayawa suna kallo. Wata mata ta nuna wa ɗanta shi ta ce, “Kalli ɗa nagari, ya goyo uwarsa zuwa wurin Uwa. Kai ko ruwa na ce ka miƙo sai ka yi tsaki.” Wani tsoho ya sunkuya ya taɓa gwiwar Tarsem ya shafa a goshinsa. Wasu suka bi sahu. Bebe ta cika ta yi fam, amma ba damar ta ce ba ɗanta ba ne, don sai an tambaya to ɗan waye. Ta haƙura ta zama uwarsa har ƙolin dutse. Hazura na biye a baya da butar ruwa, ba wanda ya kalle shi.

A sama, cikin hayaƙin turare da ƙarar ƙararrawa, mai hidimar wurin ya ɗora hannu a kan Tarsem, ya ɗaura masa jan zare a wuyan hannu, ya zuba masa ƙwayoyin sukari a tafi. Tarsem ya ci, ya goge baki.

A Amritsar abin ya fi haka. A ƙofa kowa na miƙa takalmansa a ajiye masa. Tarsem ya miƙa nasa, na roba, wanda ya ɗinke da waya. Wanda ya karɓa dattijo ne mai agogon zinariya, da gani ka san yana da masu yi masa hidima a gida. Ya karɓa da hannu biyu, ya goge da gefen mayafinsa, ya shafa ƙurar a goshi, ya ajiye su kusa da na Hazura. A ɗakin cin abinci aka zaunar da su layi ɗaya a ƙasa, gwiwarsa na gugar ta maigidansa, cokali ɗaya ya zuba musu miyar wake. Da za su fita aka sa masa parshad a tafi, alewar nan ta garin alkama da sukari da man shanu, da ɗuminta, yatsun mai rabon suka taɓa nasa. Ya ci. Man ya ƙi fita daga hannunsa, ya ga kowa na shafawa a gemu, shi ma ya shafa.

Sun dawo ana gobe Lahadi. A cocinmu, bayan wa'azi, akwai lokacin shaida, duk mai abin godiya ya tashi ya faɗa. Yawanci akuya ce ta haihu ko zazzaɓi ya sauka. Tarsem bai taɓa tashi ba a rayuwarsa. Ran nan ya tashi, ya rasa inda zai sa hannuwansa, ya haɗa su a baya.

“'Yan'uwa, na je na dawo. Ina so in gode wa Yesu.”

Aka ce amin.

“Tun ina yaro nake jin yadda Ubangijinmu ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa. Kowace shekara ana karanta mana. Ni dai na ɗauka irin maganar nan ce ta sama, da ba a gani a ƙasa. To na gani. Wani mai kuɗi ya goge takalmina, waɗannan da ke bakin ƙofa, ku je ku duba su. Bai san ni ba, ba kuma abin da zai samu a wurina. Na tsaya ina kallonsa na ce a raina, ashe haka Bitrus ya ji, shi ya sa ya ce a'a. Ni ma na so in ƙwace.”

Fasto Barnabas yana gyaɗa kai a hankali, irin na wanda bai san inda motar za ta tsaya ba.

“A kan dutsen kuma, ban yi wa gunkin sujada ba, Allah ya sani. Dutse ne da jan ƙyalle. Amma na ga wata mata tana kuka a gabansa, irin kukan da Sosan ta yi a nan lokacin da ɗanmu na fari ya rasu. Sak. Sai na ce, wannan kukan in ya tashi sama, wa zai tsaya ya tambaye shi ta wace ƙofa ya fito? Ni ban sani ba, ku ne masu karatu. Abin da na sani, tun da nake ban taɓa son Yesu kamar yadda na so shi a hanyar dawowa ba. Ina ta tunani, ashe ya riga ni zuwa can. Shi ke nan.”

Ya zauna.

Sadik Masih ne ya yi magana. Shi ne babban dattijon ikkilisiya, ya yi shekaru yana share barikin soja, ya dawo da fensho da gashin baki da kalmomin Turanci kamar guda shida. Bai ko tashi ba.

“Tarsem, menene wannan a hannunka?”

“Zare ne, Kawu.”

“Na ga zare ne, ban ce maciji ba ne. Sun ba ka abinci a can?”

“Sun ba ni.”

“Ka ci?”

Sosan tana ɓangaren mata tana kallon ƙasa kamar ta yar da allura.

“Na ci,” in ji Tarsem. “A wuri biyun.”

Ya kamata in faɗi wani abu a nan don adalci. Babu mutum ɗaya a cikin cocin nan da bai taɓa cin parshad ba. Duk wanda ke aiki a gidan Sikh ana miƙo masa a ranar biki, kuma mai yunwa ba ya tambayar alewa addininta. Fasto kansa in an aiko masa, matarsa kan ce na yara ne, yaran kuma ba su taɓa ganinsa ba. Dokar ikkilisiya ta hana cin abin da aka miƙa a wurin bautar wasu, mu kuma muna girmama dokar ƙwarai, shi ya sa ba ma ambaton abin a gabanta. Tarsem ya ambata, a tsaye, bayan an ce amin.

Dattawa suka zauna bayan sujada a ƙarƙashin bishiyar darbejiya. Ba su daɗe ba, don rana ta yi zafi. Aka yanke zaren da almakashin matar Fasto, aka ƙona. Aka sa Tarsem a ƙarƙashin horo: zai iya shiga coci, amma a baya zai zauna, wajen takalma, kuma ba shi ba Jibin Ubangiji sai ya tuba a gaban jama'a.

“Na tuba,” in ji shi nan take. “Na ci abin da bai kamata ba. In tashi in faɗa yanzu?”

Fasto ya ce, “Ba cin ba ne kaɗai, ɗan'uwa. Ka rikita raunana. Za ka faɗa musu cewa abincin aljanu ne, kuma abin da ka gani a can ruɗin Shaiɗan ne, ya yi shigar tawali'u don ya kama ka.”

“Mai goge takalmin?”

“Shi musamman.”

Tarsem ya ce, “Fasto ji, tsoho ne fa. Yana da tari.”

Sadik ya yi dariya. “Kun ji ko? Har ya san lafiyar Shaiɗan. Sai ka kai masa magani.”

Haka Tarsem ya koma wajen takalma. Lahadin farkon wata ta zo, ya ƙi karyawa kamar kullum, ya yi wanka, ya sa farar riga, ya zauna a baya yana kallon kofin na tafiya daga baki zuwa baki. Da aka gama, Fasto ya shanye ragowar ya goge kofin da ƙyalle. Wata na biyu haka, na uku haka. Sanyi ya wuce, alkama ta yi zangarniya. Ya rame. Yara suka sa masa suna Mai Ziyara. In ya wuce majalisa sai wani ya haɗa hannu ya sunkuya ya ce, “A sa mana albarka, ɗan Bebe.”

Sosan ta gaji. “Ka je ka faɗa musu abin da suke so mana. Kalma ce. Kullum kana ce wa Sardar ‘gaskiya ne’ alhali ka san ƙarya yake, bakinka ya karkace?”

“Wannan Sardar ne. Can a gaban kofi zan faɗa.”

“To zauna. Kai da takalma ku yi ta zumunci.”

Ina jin a cikin watannin nan ne wani tunani ya shige shi, irin wanda ke shigar mutumin da ya daɗe shi kaɗai. In Yesu ya riga shi zuwa Amritsar, to me zai hana a same shi a gurdwaran ƙauyenmu, wato wurin ibadar Sikh, wanda ke nan kusa, bayan gidan Hazura? Littafi ɗaya suke karantawa, alewa ɗaya suke tuƙawa.

Ranar bikin girbi ana dafa abinci mai yawa a gurdwara, a ci a tsakar fili. Tarsem ya sa farar rigar, ya ɗaura ƙyalle a ka yadda ya ga ana yi, ya cire takalma. Ba wanda ya karɓa, sai ya ajiye da kansa. Ya shiga ya zauna a layi tsakanin mai shagon taki da ƙanin Hazura, ya buɗe tafi.

Mai rabon gurasa ya zo kansa ya tsaya. Na dama ya janye gwiwa, na hagu ya janye faranti. Shiru ya bi layin har ya kai ɓangaren mata, inda Bebe Nihalo ke zaune a kan kujera saboda gwiwa. Ta kare ido da hannu ta duba.

“Wa ya kwance jakina ya shigo da shi layi?”

Aka yi dariya, da ma ana neman abin da za a yi da shirun. Hazura ya taso. Ba mugun mutum ba ne, bai ɗaga murya ba. Ya tsaya a kansa ya ce, “Tashi, Tarsem.”

“Sardar ji, a can tare muka zauna.”

“Can can ne. A can ba wanda ya san ubanka. Tashi, kada ka sa a wanke filin nan gaba ɗaya, mutane na jin yunwa. Je ka bayan katanga, rabonku na nan.”

Rabonmu kuwa yana nan, kamar kowace shekara. A bayan katanga mutanenmu ke tsayawa da kwanoni da bokitai, in an gama a kawo ragowa a zubo daga sama, ba tare da cokali ya taɓa kwano ba. Kowa cewa yake na dabbobi ne. Tarsem ya zagayo da ƙyallensa a ka, ya tarar da rabin ikkilisiya a tsaye, sun ji komai ta saman katanga. A gaban layin Sadik ne da bokitinsa na soja.

“A'a, Mai Ziyara, har an ƙoshi?” in ji Sadik. “Yaya, ka same shi a ciki? Ko ya riga ka fita?”

Tarsem ya dubi bokitin.

“Na awaki ne,” in ji Sadik.

Sadik bai taɓa kiwon ko kaza ba.

Lahadin Jibi da ta biyo baya, Tarsem ya tashi daga wajen takalma ya taka har gaba. Ya faɗi abin da aka ce ya faɗa, kalma bayan kalma, da murya irin ta mai ƙirga buhu. Abincin aljanu ne. Ruɗi ne. Mai goge takalmin Shaiɗan ne. Fasto ya rungume shi, na ba da waƙar ɓataccen da ya dawo gida, mata suka share hawaye. Aka miƙa masa kofin. Ya sha, bai rufe ido ba, ya miƙa wa na gaba tun kafin a zungure shi.

Da a nan aka tsaya, da an ce ya yi sa'a. Amma Fasto Barnabas mutum ne mai hangen nesa, ya ga cewa ƙaramar coci irin tamu ba ta cika samun wanda ya shiga gidan aljanu ya fito ba. Ya fara tafiya da shi tarurrukan farkawa a garuruwan kewaye. A taron farko Tarsem ya maimaita jimlolinsa uku ya zauna, jama'a ba su ji daɗi ba. Fasto ya taimaka masa ya tuna sauran. A taro na gaba idanun gunkin sun juya sun bi shi. Daga baya zaren ya ƙona masa fata, yana nuna tabon da lauje ya yi masa tun yana yaro. Kafin shekara ta zagayo, mai goge takalmin ya samu kofato, tarin nasa kuma hayaƙi ne ke fita. Tarsem ya iya abin sosai. Ya koyi inda ake dakatawa, da inda ake rage murya. Aka saya masa takalma sau ciki. Mutumin da bai taɓa fita gunduma ba ya san tashoshin jirgin ƙasa da sunayensu.

Da Sadik ya mutu, ba a yi wata muhawara ba wajen ba Tarsem aikinsa na tsaron ƙofa ranar Jibin Ubangiji. Shi ya kawo sabon tsari, ba wanda ya sa shi. Man shanun parshad yana da ƙamshi mai naci, ko an wanke hannu da toka yana kwana a tsakanin yatsu, kuma Tarsem ya san shi fiye da kowa. Sai ya tsaya a bakin ƙofa, duk mai shiga ya miƙo hannu, ya kai hanci. Wanda ya ji wa ƙamshin, ya nuna masa wajen takalma. Ba ya faɗa, ba ya zagi, ba ya kuma karɓar roƙo. Ya mayar da gwauruwa mai 'ya'ya biyar. Ya mayar da makaho. Mutane suka koyi cin alewa da cokali, ko da ganye, ko su sa wani ya jefa musu a baki. Ikkilisiyarmu ta yi suna a duk yankin wajen tsarki.

Wata Asabar, ana gobe Jibi, aka yi bikin godiya a gidan Hazura, jikan nan da ya tashi daga ciwo ya yi aure. Sosan ta yini tana wanke tukwane, da yamma aka jefo mata rabonta na parshad ta ci a bakin garke, kamar yadda ta saba tun tana amarya. Gida ɗaya suka kwana da Tarsem, bai ce komai ba. Da safe ya riga ta fita. Ta iso ƙofar coci cikin mata, ta zo wucewa, ya miƙa hannu.

“Baban Rozi, ni ce fa.”

“Na san ke ce. Kawo.”

Ta ba shi. Ya kai hanci ya daɗe, ya daɗe fiye da yadda aikin ke bukata, har matan baya suka fara gyaran murya. Sannan ya saki.

“Wajen takalma.”

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, “Kai ka san alewa ce.”

“In alewa ce, to ni me na yi ta faɗa wa mutane?”

“Wannan kai da Allahnka.”

“Wajen takalma,” in ji shi.

Dattawa suka sa mata sharaɗi irin nasa, ta tashi ta ce abincin aljanu ta ci. Kowa ya ɗauka mako ɗaya za a yi, tunda ita ce mai cewa kalma ba ta karkata baki. Ta ƙi. Ta ce ta yi wa masu gida ƙarya, ta yi wa mai shago, ta yi wa mijinta, amma ba za ta tashi ta yi ƙarya don a ba ta abin da mijinta ke tsaro ba. Ta ci gaba da dafa masa abinci, tana wanke masa farar riga, tana zuwa coci kowace Lahadi ta zauna a baya. Shekaru suka wuce a haka. Rozi ta yi aure ta tafi, Bebe ta mutu, Fasto ya yi furfura.

Ciwon ƙirji ne ya kwantar da Sosan a wata damina. Da aka ga ba tashi za ta yi ba, Fasto Barnabas ya sa kofin a jaka ya zo gidan da hantsi, ni ina riƙe masa laima. Tsufa ya sassauta shi, ina jin so yake a wuce wurin ba tare da an tona ba. Muka tarar da Tarsem zaune a bakin ƙofar ɗakin. Daga ciki ana jin numfashinta.

Fasto ya ce, “Ɗan'uwa, na kawo mata. A irin wannan hali ikkilisiya takan yi sassauci.”

Tarsem ya tashi, da ladabi, ya tsaya a tsakiyar ƙofar. Ya leƙa ciki ya ce, “Uwar Rozi, ga Fasto ya zo da Jibi. Za ki faɗa?”

Muka jira. Muryar ta fito a hankali, amma duk mun ji.

“Ka ce masa alewar da ɗumi ta fi daɗi.”

Tarsem ya juyo ya dubi Fasto. “Ka ji da kunnenka, Fasto ji. Ba ta tuba ba. In ka ba ta, sai ka tara duk garuruwan da ka kai ni ka gaya musu.”

Fasto ya ja da baya, ruwa na ɗiga daga bakin laima. Ya yi gajeriyar addu'a daga waje, ya gyara jakarsa a kafaɗa, muka juya. Ta rasu kafin la'asar.

Lahadin da ta biyo ta farkon wata ce. Tarsem ya duba hannun kowa a ƙofa, har da na masu zuwa yi masa ta'aziyya, sannan ya shiga ya durƙusa a layin gaba, aka miƙa masa kofin ya sha.